Kilim ɗin da Aka Gina wa Akurki

Kai mai jar riga, sauke ƙafarka daga kan baƙin ƙarfen nan. Ba matakin ƙafa ba ne. Kompireso ne, zuciyar kilim, injin sanyaya ɗaki, kuma lafiyarsa ƙalau. In kun yi haƙuri za ku ji abin da ya sa yake zaune a ƙarƙashin bencina maimakon ya kasance a bangon wani yana aiki.

An turo ku daga santir, makarantar koyon sana'a, ku koyi gyaran firigo, wato firiji, da kilim a wurina, ni Isufu, kuma tun da hantsi nake sauraren ku. Wancan ya ce aikin ba wuya, in abu ya daina sanyi gaz ne ya ƙare, a ƙara masa. Wannan ya ce ya gani a wayar salula, wani Bature ya gyara kilim kafin shayi ya tafasa. To madalla. Baturen naka ya taɓa zuwa Magarya da bazara? Ya taɓa buɗe injin da ɓera ya haihu a cikinsa? Wallahi in na ji irin maganarku sai jikina ya yi sanyi, don na san ƙarshen sana'ar nan nake kallo.

A Damagaram na koya, wurin Maigida Mutari, Allah ya jiƙansa, mutum mai zafin rai da saurin mari. Na daɗe a wurinsa ban taɓa komai ba sai burushi. Bayan firigo nake wankewa, in kakkaɓe yanar gizo da gashin kaji, har na fara tunanin ko bara na zo yi. Wata rana aka kawo firigo a amalanke, aka ce ya daina sanyi. Ni sarkin azarɓaɓi na buɗe ƙofa na cusa kai ciki. Sai ji na yi tas a ƙeya.

"Me ka ajiye a ciki?" in ji shi. "Zagaya baya. Sa hannu a kan baƙar ragar nan. Da zafi?"

Na ce babu.

"To ciwon ke nan. Injin nan ba ya yin sanyi, Isufu, ba mai yin sanyi sai Allah. Zafi yake kwasa daga ciki, ya kai waje ya zubar. Jaki ne mai dako. In ka ga ciki ba sanyi, je ka duba inda jakin yake sauke kaya."

Duk abin da na sani a sana'ar nan bai wuce wannan maganar ba, sauran ƙari ne. Ga mano can rataye, mai fuska biyu, shuɗiya da ja, shi ke faɗa maka ƙarfin gaz a cikin tiyo. Ga fens, ka maƙala shi a waya ya nuna maka yawan kuran, wato wutar lantarki, da zuciya ke ja. Ga shalimo na walda, ga gwangwanin ruwan sabulu na neman inda ke yoyo. Na ga idonku a kan mano, don shi ne mai kyau a hoto. Amma shi ne na ƙarshe. Kunne ne farko, sai tafin hannu, sai hanci, sannan ka tambayi mai gida abin da ya yi wa injin, ka kuma san ba zai faɗa maka gaskiya ba sai ka matsa.

Masu kawo aiki kuwa, sai dai haƙuri. Mai sayar da ƙanƙara za ta ɗauki wuƙa da azumi ta yi ta saran jikin firiza don ta ɓamɓaro leda, ta huda tiyo, sannan ta rantse maka da kansa ya yi tsit. Alhaji zai tsaya a kanka yana kaɗa makullin mota, yana cewa kai dai ƙara gaz in tafi. Gaz ba fetur ba ne, jama'a. Ba ya ƙarewa sai in ya sami ƙofa. Na faɗa har bakina ya gaji, ba wanda ya ji, domin a kowane lungu yanzu akwai yaro da butel, wato tukunyar gaz, a bayan moto, babur ɗinsa, wanda zai ce musu to.

Aikin da nake so ku ji na gidan Mushe Lawali ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan garin (Mushe ake ce wa malaman lakwal), wanda ya koyar da 'ya'yana. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Matarsa Barira, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Kwanciya ta yi tsawo, bayansa ya fara salewa. Majon asibiti, babban ma'aikacin jinya, ya gaya mata ƙarara cewa gumi ne abokin gabar gyambon nan, in bai bushe ba zai ci ciki, kuma in ya ci ciki bazara ba za ta bar shi ba. Ɗansu Sani, da ke aikin gini a Aljeriya, ya ji haka ya aiko aka sayo kilim daga Kano, irin mai kashi biyu, na ciki da na waje. Ni na kafa shi.

Na ciki na ɗaura shi sama da gado. Na waje na kafa shi a bayan ɗaki, cikin gida, inda iska ke ratsawa, kusa da wata gajeriyar katanga da ta raba su da lungu. Tiyon da ke fitar da ruwan da kilim ke tatsowa kuwa na huda katangar na zura shi lungu, don kada ya ci gindin ginin ƙasa. Da na kunna, iska mai sanyi ta sauko masa a fuska, Mushe ya lumshe ido. Amma malami malami ne ko a kwance. Ya yafuto ni da hannunsa mai lafiya.

"Isufu... ina... yake samo shi?"

Na ba shi labarin jaki kamar yadda aka ba ni. Ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye ya zubo. Daga ranar, in na biyo ta gidan sai in leƙa in ce, "Mushe, yaya jaki?" Shi kuma ya ce, "Yana... dako." A bazarar farko gyambon ya kame, ya bushe, Barira har ƙuli ta aiko min a kwano.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke fitar da kai, ya bushe a tsaye. Ga iyakar ƙasa a rufe, ga kuran ana raba shi unguwa-unguwa, yau a ba ku da rana, gobe a hana ku. Mutanen ƙauye suka fara shigowa gari da buhu a naɗe a hammata. Dangin Mushe 'yan Yekuwa ne, kuma gidansa ne gidansu na birni, don haka amalanke ba ya rabuwa da ƙofar. Barira tana auna musu abin da ya samu. Wata rana ƙanwar Mushe ta shiga ɗaki gaishe shi, sanyi ya buge ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Yaya, ashe haka kuke kwana? Mu can yara ganye suke ci, ku nan har iska saye kuke yi."

Ta faɗa ta wuce, wataƙila ma ta manta kafin ta kai gida. Barira ba ta manta ba. Ta ɗinka labule ta rufe na ciki, in ta ji sallama ta kashe. Na waje kuwa, wanda duk mai wucewa ta lungu zai iya hangowa ta kan katanga, shi ya hana ta sukuni. Ta kira magini ya zagaye shi da tubali, ya yaɓe, ya rufa langa-langa, ya bar 'yar ƙofa a ƙasa. Ta ɗora damin harawa a sama. Duk wanda ya gani zai ce akurkin kaji ne.

Da sanyi ba a kunna shi, ba wanda ya ga illa. Da bazara ta kama, sai kilim ya fara yi kaɗan ya tsaya, ya huta, ya sake tashi. Ku buɗe kunne a nan. A kan zuciyar akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar goro, mu mai gadi muke ce masa. In zuciya ta yi zafin da zai kashe ta, shi ke yanke mata kuran har ta huce. Injin da ke tsayawa yana tashi ba iskanci yake yi ba, ceton ransa yake yi. An kulle jaki da kayansa a ɗaki ɗaya, ya sauke zafi ya sake shaƙar abinsa.

Ba ta kira ni ba, don ta san bakina. Ta kira wani matashi mai sabon moto da butel a baya. Ba zan faɗi sunansa ba, ubansa abokina ne. Ya durƙusa a 'yar ƙofar akurkin, ya zura hannu, ya ɗura gaz a injin da gaz ɗinsa bai je ko'ina ba. Bai tambayi kansa me injin yake yi a cikin akurki ba. Da aka sake kiransa aka ce har yanzu yana tsayawa, sai ya ce ai wannan ɗan abin ne ke damun sa. Ya cire mai gadi, ya haɗe wayoyin kai tsaye. Ranar kilim bai tsaya ba ko sau ɗaya. Barira ta yi ta sa masa albarka. Kafin la'asar ƙauri ya cika gidan.

Sannan aka tuna da Isufu. Na shiga ɗakin, zafi kamar ana gasa gurasa, Mushe na kwance ya jiƙe sharkaf, Barira na yi masa fifita. Na duba kuran, akwai. Na ɗaga labulen, na kunna na ciki, fankarsa na juyawa amma iskar ɗumi take hurowa. Na sa kunne a bango, ban ji gurnanin na waje ba. Na ce bari in zagaya. Barira ta miƙe da sauri.

"Ba sai ka zagaya ba, Isufu. Daga nan ba za ka iya ba?"

Na dube ta, ta sunkuyar da kai. Na zagaya bayan ɗaki, inda na kafa injin da hannuna, na tarar da akurki. Na ce, "Yaya Barira, kiwon kaji kika fara?" Na dafa ginin, na janye hannu ba shiri, kamar murhun da aka sauke wa tukunya yanzu. Na durƙusa a 'yar ƙofar na shaƙa. Ƙaurin wayar da ta ƙone ba ya ɓuya, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san abin da yake nufi. Na ce a ba ni diga.

"Don girman Allah ka yi a hankali," in ji ta. "Ka rufa min asiri, kada a ji."

Ina ake rushe gini a hankali? Na yar da harawa, na ɓamɓare langa-langa, na kai wa tubalin sara. Ragar injin ta toshe da dusar harawa har ba ka ganin ƙarfe. Na buɗe murfi na ga wayoyin da aka murɗe a inda mai gadi yake. Duk da haka na bi ƙa'ida, don mutum ba ya son yanke ƙauna. Na gwada ƙafafun zuciyar uku, inda wayoyi ke shiga, na gwada tsakaninsu da jikinta. Kuran na bi ta jiki. Na kwance tiyo, man da ya fito baƙi ƙirin, yana wari. Ta ƙone ƙurmus, ba abin da za a ceto.

Raina ya ɓaci, na manta da girmanta, na ɗaga murya. Na ce wa ya aike ki? Na ce da kin tambaye ni! Na ce kin toshe wa abu hanci sannan kin kira wanda zai ƙarasa shi! Ta bar ni na gama, sannan ta ce, a hankali:

"Kai ba a gabanka aka faɗa ba, Isufu. Mace ta zo da buhu wayam, 'ya'yanta na cin ganye, ta ce muna sayen iska. Da wane ido zan kalli mutanen unguwa, kowa na auna hatsi da tafin hannu, mu injinmu na gurnani a kan katanga? So kake a yi ta nuna maigidana da baki yana kwance?"

Mano ba ya auna wannan. Daga cikin ɗaki sai muryar Mushe ta fito da ƙyar.

"Isufu... jaki?"

Na leƙa ta taga na ce, "Ya ɗan kwanta, Mushe. Zan tashe shi, in sha Allah."

A shekarar lafiya wannan ba komai ba ne. In kira mutumina a Kano da safe, ya ba direba, kafin in rufe shago kaya sun iso ta Babura. Amma iyaka a rufe take. Masu bi ta daji da moto suna shigo da fetur da taliya, wannan sun san kansa. Na farko da na roƙa ya ce ƙarfe ne mai nauyi, in aka biyo shi ba zai iya gudu da shi a rairayi ba. Na biyu ya karɓa, ya ɓace, ya dawo yana washe baki ya miƙo min zuciyar firigo, 'yar ƙarama kamar kwakwa. Na hau taksin Damagaram na bi tsofaffin abokan koyo ɗaya bayan ɗaya, na tona tarin ƙarafa har farcena ya fashe. Duk wadda na gwada ko ta ƙone ko ba irinta ba ce. Kowa cewa yake, ka yi haƙuri a buɗe hanya.

Kafin nan na yi abin da zan iya. Na rataya buhun gyaɗa a tagar ɗakin, na ce a riƙa jiƙa shi, na kafa fanka a gabansa. In akwai kuran yana ɗan taimakawa, in babu sai mafici. Amma bazarar shekarar ba ta buhu ba ce. Duk zuwan da na yi sai in tarar Barira na sauya hannu da maficin, idonta ya faɗa. Gyambon ya buɗe, ya fara wari, majo na zuwa yana wankewa yana girgiza kai. Da fari in na shiga Mushe kan motsa baki ya tambayi jaki. Daga baya sai ido kawai yake bi na da shi, ni kuma na rasa ƙaryar da zan ƙara yi masa.

Can na ji labarin wani ɗan kasuwa a Dungas da katanga ta faɗa wa kilim ɗinsa da damina, ta lotsa ragar, ya jefar da shi a zaure. Na hau moto na tafi. Na buɗe, na gwada ƙafafu uku, na ba ta kuran, ta yi gurnani mai daɗi, fens ya nuna daidai. Irinta ce sak. Wallahi na kusa rungumar mutumin. Na yanke ta da kyau, na toshe bakin tiyo, na ɗaure ta a tsaye a bayan moto da roba, don ba a kwantar da ita, mai zai bi inda bai kamata ba. Na taho a hankali cikin rairayi ina kai hannu baya ina dafa ta.

Bayan azahar na shigo lungun. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida, da butoci, da mutane zaune jigum. Na kashe moto. Aka ce tun da hantsi aka kai Mushe makwancinsa.

Na zauna aka yi addu'a, na shafa. Kusa da ni akwai Malam Sha'aibu, tsohon maɗinkin hula, wanda ƙofarsa ke kallon katangar Mushe ta cikin lungu. Ya dubi abin da ke ɗaure a motona, ya matso ya rage murya.

"Zuciyar jakin ce ka samo?"

Na juyo na kalle shi. Na ce, "Baba, ka san da shi?"

"Haba Isufu. Wa bai sani ba a lungun nan? Shi marigayin da kansa ya ba ni labarin jaki. Dubi can."

Ya nuna min gindin katanga, inda tiyon ruwa ya leƙo. Wani ɗan zogale ne a wurin, ya kai ƙugu, ganyensa ya yi yaushi.

"Ruwansa ne ya raya wancan. Tsohuwata ma kasko take tarawa ta ba agwaginta. Mu in muka ji gurnaninsa da rana, cewa muke Allah ya yi wa Sani albarka, ya ba mu 'ya'ya irinsa. Da muka ga ta kira magini, muka ce rana take kare masa, ta kyauta. Langa-langan ma ni na bayar, yana ajiye ba ya komai." Ya ja carbi. "Da tiyon ya bushe muka san ba lafiya. To amma tunda ba ta faɗa ba, kunya ta hana mu tambaya."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tura moton da hannu har shago, ban iya tayar da shi ba, na kwance zuciyar na tura ta ƙarƙashin bencin nan. Ban taɓa gaya wa Barira abin da tsohon ya ce ba, kuma duk wanda ya kai mata a cikinku ban yafe ba. Da ta fita takaba ta aiko in zo in cire sauran, na cire. Zogalen ya bushe kafin ruwa ya sauka.

An sha taya wannan ƙarfen, na ce ba na sayarwa ba ne. Idona ya fara dishi-dishi, walda sai na laluba, kuma abin da masu butel ke kashewa a mako ya fi abin da nake tayarwa a wata. Ban ga alamar za ku fi su ba, amma tunda an turo ku, ga burushi can a ƙusa, ga firigo uku a rana. Ba mai buɗe ƙofa, ba mai taɓa mano. Ku zagaya baya.

Kai kuma mai jar riga, ƙafarka ta koma kansa. Sauke ta.